Mazaunin Paulina

Baba Amos mai kula da furanni ne a gidajen GRA, gidansa kuma yana Yelwa. Keke ɗaya yake hawa tsakanin nan da can tun kafin gashinsa ya yi fari. Baƙin keke ne irin na da, ba giya, birkinsa na ƙarfe. Abincinsa iska ne da ɗigon baƙin mai ran Asabar. Faci ma da kansa yake yi, har masu gyara suka fid da rai da shi.

Aibun keken ɗaya ne: mazaunin baya ya karkata hagu. Shekara ashirin da huɗu matarsa Paulina tana zama a kai a gicciye zuwa coci, ƙafafunta a hagu, kuma Allah bai rage ta da jiki ba. Ƙarfe ya yi ta haƙuri har ya sunkuya. Da ta rasu dangi suka raba zannuwanta, hotonta ya koɗe, sai wannan karkatar ta rage masa. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

In ya ɗora buhun taki da safe, nauyin sai ya zame hagu, keken ya riƙa jansa gefe kamar yadda Paulina take yi. Nan Baba yake mancewa da duniya. Motoci su yi ta hon, shi yana ba ta labarin wane fure ya buɗe a gidan wa, wane maigida ya sa a sare mangwaro. Wani lokaci har ya ji ta tana ƙorafin ramukan hanya, sai ya rage gudu.

Wata Talata feda ta karye masa kusa da Shadawanka, abin da ya fi ƙarfin hannunsa. Ya bar keken wurin wani mai gyara, Abdulbaqi, ya ƙarasa wurin aiki a ƙasa.

Abdulbaqi mutumin kirki ne, irin waɗanda ba sa sallamar dattijo ba tare da ɗan ihsani ba. Da yamma ya tarbi Baba da fara'a.

"Baba, ga feda na sa. Na ga mazaunin bayan nan ya lanƙwashe, na buga shi ya miƙe. Wannan kyauta ce, kada ka ce komai."

Baba ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen. Sumul, kamar yau aka fito da shi daga shago. Ya janye hannunsa a hankali. To, wa zai yi wa faɗa? Mutum ya yi maka alheri yana jiran ka yi murna.

"Na gode, ɗana. Allah ya yi albarka."

"Hau mana ka ji yadda ya koma, Baba."

"Bari dai," in ji Baba Amos. "Ban saba tafiya ni kaɗai ba."

Ya kama ƙahon keken ya tura shi har Yelwa.