Mai Katakon Mari

Mari ɗaya a wasan kwaikwayo aikin mutum uku ne, duk wanda ya ce maka biyu bai san kan abin ba. Akwai mai kai hannu, akwai mai kifewa ƙasa, sai kuma Kafinta a bayan labule, riƙe da guntayen katako biyu. Hannu na gilmawa gefen kunci ba tare da ya taɓa ba, shi kuma ya haɗa su, tau! 'Yan kallo su dafe kumatunsu. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, ko sau ɗaya bai makara ba.

Mai shan marin Dogo ne, wani direba da ke fitowa a ɓarawo. Faɗuwarsa kawai sai zauren ya ɓarke da dariya, abin da ya tsaya wa jarumin wasan a maƙogwaro ke nan.

Wata Laraba Kafinta ya ji ƙara biyu, tasa da wata da ta riga ta. Kashegari ma haka. Ashe ɗan banzan jarumin nan da gaske yake zabga wa Dogo mari a kunnen hagu, katakon Kafinta na rufa masa asiri!

Kafinta ya sami darakta da maganar.

"Haba Baba, ba ka ji tafi ba? Kai dai buga katakonka."

Dogo kuwa cewa ya yi, "Bar shi, Yaya. In na yi magana cire ni za a yi."

Ranar Asabar da la'asar jarumi ya ɗauke Dogo da marin da ya sa jini tsartuwa daga kunnen har kan kwalar riga. Dogo ya miƙe yana tangaɗi, jarumi ya sake ɗaga hannu. Zuciya ta ɗebi Kafinta. Ya banko labule, ya kama yatsun nan tsakanin katakan ya haɗa da iya ƙarfinsa. Ƙashi ya ce ƙaras. Jarumi ya zube yana kururuwa, Kafinta ya ƙara masa ɗaya a baki, haƙori ya yi tsalle. 'Yan kallo, Allah sarki, har da miƙewa suna tafi.

Aka kori Kafinta, ya koma rumfarsa yana gyaran kujeru. Bayan sati biyu Dogo ya leƙo.

"Ya kunnen?" in ji Kafinta.

Dogo ya tsaya yana kallon leɓensa. Can ya juyo da ɗaya gefen.

"Sake faɗa, Yaya. Ta nan."