Ranar da "Da Sauƙi" Ta Ruɗi Manhajarmu

"Anti, zo ki duba wannan," in ji Sadiya, abokiyar aikina a wani ƙaramin asibiti a Gaya.

Muna gwada wata manhaja ce da ke karanta saƙonnin masu jego, ta ware mana na gaggawa. Abin da nake so da ita, tana haska kalmomin da ta dogara da su.

Wata uwa daga ƙauyen Gafasa ta rubuto: "Alhamdulillahi jikin yaro da sauƙi, sai dai tun jiya ya ƙi kama nono." Manhajar ta jefa saƙon cikin na masu lafiya, ta haska "da sauƙi".

Na ce, "Sadiya, kira ta yanzu. Babana ma da sauƙi yake ce mana har ranar da ya rasu."

Aka kawo jaririn a babur, jikinsa zafi rau. Muka riƙe shi, Allah ya tashi kafaɗarsa.

Bayan nan muka zauna da wanda ya haɗa manhajar, muka koya mata cewa bakin Bahaushe ba ya saurin faɗin ciwo.

A gidanku, wa ke cewa da sauƙi alhali yana jin jiki? Ku leƙa shi yau.