Murhun Inna da Ƙanena Ya Rushe

Ƙanena ya rushe murhun uwarmu bai tambayi kowa ba, sannan ya tsaya a zaure gaban dattawan unguwa ya ce ni na bar tsohuwa cikin hayaƙi tana mutuwa a hankali. Abin da ya yi mani ke nan. Na faɗa maka tun daga farko don kada ka zaci zan yi ta kewaye-kewaye.

Ranar kasuwar Ƙanƙara ce, ina can wajen 'yan hatsi. Ya zo daga Kaduna inda yake aiki, ya sa matarshi ta kai Inna asibiti a duba mata ido, shi kuma ya kira magina. Da na dawo da la'asar na tarar da madafi fes, an yi daɓen siminti ko bushewa bai yi ba, an kafa wani dogon teburi. A kan teburin ga murhun gas da tukunyarshi a ƙasa, ga na lantarki mai faranti, ga kuma wani baƙin gilashi shafal da ya ce sunanshi indakshan. Wai duka ukun ya kawo don ta zaɓa. A ranar ne ya yi mani waccan maganar gaban dattawa.

Ni ban gama sakandare ba. Baba ya cire ni na kama gona don wannan yaron ya ci gaba da karatu, kuma ban taɓa yi mashi gori ba. Amma ba sai da takarda mutum ke sanin uwarshi ba.

Murhun nan a gabanshi muka tashi. Duwatsu uku ne da aka yaɓe da jar ƙasa, Kaka ce ta fara girki a kanshi, ita ta bar wa Inna lokacin da aka kawo ta amarya daga Tafoki. Da damina itace ya jiƙe, sai ka ga Inna ta durƙusa tana hura wuta, idonta na hawaye, ƙanshin ɗanyen kara ya cika gida. Da kaka mu tura masara cikin garwashi, mu ƙone yatsu, Kaka ta kore mu da muciya. Lokacin sanyi kuwa nan ne ɗakin kowa, har akuya sai ta matso. Kuma wutar ba ta mutuwa. In an gama tuwo sai Inna ta binne garwashi cikin toka, gari ya waye ta tona, ga shi nan ja wur.

Sana'arta daddawa ce. Kalwa ba shinkafa ba ce da za ka ɗora ka sauke. Wuni take yi tana tafasa, ana ƙara ruwa ana tura itace, kafin ɓawonta ya saki. Tokar murhun ma da ita ake surfa ta. Daga Faskari har Damari akwai matan da ba su yin miya sai da daddawar Inna, kuma ta san da haka, shi ya sa take tafiya kanta a sama.

Ba zan yi maka ƙarya ba, hayaƙi ya ci idonta, kuma tana tari. Itace ma ya yi wuya tunda daji ya daina shiguwa. Matata da gas take girki, ni na saya mata, ban ga laifinshi ba. Ka murɗa, wuta ta kama, ka ƙara ko ka rage yadda kake so, tukunya ba ta baƙi. A cikin ukun da ya kawo, shi ne mai hankali. Sai dai wutarshi shuɗiya ce, da rana Inna ba ta ganin ta. Ta murɗa ta ji yana huci, ba ta san ya kama ko bai kama ba, ta fito tsakar gida tana salati. Daga nan ba ta ƙara taɓa shi ba. Ko da ta saba ma, ka ɗora kalwa wuni guda a kan gas ka ga sau nawa za ka ɗaure tukunyar gas ɗin a bayan babur ka tafi ɗuri.

Na lantarki mai faranti shi ne munafuki. Ya daɗe bai yi zafi ba, in ka kashe kuma ya daɗe bai huce ba, kuma ba abin da zai nuna maka. Ta aza robar gari a kai tana zaton ya mutu, roba ta narke. Balle wutar garin nan da kai ma ka sani, ta zo lokacin da ta ga dama, in ta zo ma wani lokaci ko ƙwan lantarki da ƙyar take kunnawa.

Shi kuwa baƙin gilashin, ranar da aka kawo wuta mai ƙarfi na gwada shi da kaina, na ga abin mamaki. Kafin ka ɗauraye kofi ruwa ya tafasa, ba hayaƙi, ba zafi a ɗaki. Amma yana zaɓen tukunya kamar ɗan sarauta. Ta ƙasa ba ya so. Irin namu na alminiyam da maƙera ke zubawa, masu zagayayyen gindi, ba ya so, sai ya yi ta ƙara yana ƙyafta ido. Sai mai shimfiɗaɗɗen gindi ta ƙarfen da mayen ƙarfe ke kamawa. Maɓallanshi kuma ba su da tudu, zane ne a jikin gilashi, mai yana a ido ba abin da za ta lalubo. To ka ce ta wuce wannan, ya za ta tuƙa tuwo? Inna a zaune take tuƙi kan 'yar kujera, ta tokare tukunya da ƙafa, ta danna muciya da ƙarfin kafaɗa. Tun da aka haife ta ba ta taɓa girki a tsaye ba, yanzu da gwiwa ta mutu za ta fara? A kan gilashi tukunya zamewa take yi, ka danna da ƙarfi kuma ya tsage.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ƙanena bai sani ba, ko ya manta, shi ne ɗibar wuta. A wajenmu tsohuwa ba ta shiga gidan mutane haka nan kawai, sai a ce yawon gulma take. Sai da dalili. Dalilin tsofaffin unguwarmu kuwa shi ne wutar Inna. Kowace safiya za ka ji sallama, wata ta shigo da kasko a hannu: "Hajiya, a sam mani wuta." Kowacce da ashana a ɗakinta, wasu ma 'ya'yansu sun saya masu gas. Sai ta zauna, a gaisa, a tambayi jiki, a ji wa ya haihu wa ya rasu, garwashin ya kusa mutuwa a kasko kafin ta tashi. Da wannan Inna ke rayuwa tun bayan rasuwar Baba.

Ba a ɗibar wuta a jikin gilashi. Kwanakin farko tsofaffin sun zo ganin kayan birni, suka taɓa, suka yi tasbihi, suka tafi. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Daddawa ta tsaya. Matata ke kai wa Inna abinci, ta ci loma kaɗan ta ture kwano. Sai ka same ta a ƙofar ɗaki da carbi tana kallon zaure.

Na ce mata gobe zan samo duwatsu in mayar mata da murhunta. Ta ce, "A'a. Ɗan uwanka ya yi don Allah. In ka gina, ka nuna wa duniya ya yi wauta. Bar shi." Ka ji irin uwar. Ta gwammace ta bushe a zaune da a ce autanta ya ji kunya. Nan na gane ko na gina ba za ta hura wuta a ciki ba, sai in hannun da ya rushe ne ya mayar.

Labari ya kai mashi cewa ta rame, ya aiko cewa gobe yana tafe. Sai ga shi da mota da farar shadda, ya same ni a zaure, ko zama bai yi ba.

"Yaya, na zo in tafi da Inna Kaduna. Tunda duk abin da na kawo an kasa koya mata, gara ta zauna inda za a kula da ita."

An kasa koya mata. Ka ji fa. Na bar shi ya gama, na tashi na tsaya a bakin ƙofa, don in ba haka ba wucewa zai yi.

Na ce, "Kai, saurara. Hayaƙi na cutar ta, gaskiyarka ce, ban musa ba. Da ka tambaye ni, da mun fitar da murhun tsakar gida ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa, a ajiye mata gas don ruwan zafi. Ba ka tambaye ni ba, don ni ban yi boko ba. Ba komai. Amma ita ma ba ka tambaye ta ba, ita da ta haife ka. Ka raba ta da wutarta, ka raba ta da mutanenta, yanzu ka zo raba ta da gidan mijinta, kuma duk a bakinka taimako ne. To shiga. Ka durƙusa ka tambaye ta mi take so, ka rufe baki har ta gama, don sai ta fara da ce maka ba komai. In ta ce za ta bi ka, ni da kaina zan sa kayanta a mota. In ta ce a'a, ga jar ƙasa can bayan rumbu na kwaɓa tun safe. Ka tuɓe wannan shaddar. Kai ka rushe, kai za ka gina."