Sun Dawo, Issaka

Azumin bana ya cika shekara goma sha ɗaya da muka kai Issaka makwancinsa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, domin ni kafinta ne, zarto na sani ba alƙalami ba. Abin da ya sa na zauna yau shi ne wasu tsofaffin mawaƙan Ingila da suka watse tun gashin kaina yana baƙi. Sun sake haɗuwa, sun fitar da sabon faifai, mutumin da ya fi kowa jiransu kuma ba ya nan.

Ni da Issaka mun yi shekara ashirin a rumfa ɗaya a kasuwar katako ta Anloga da ke Kumasi. Ni haifaffen Zango ne, kakannina fataken goro ne daga Kano. Shi kuwa daga arewacin Ghana ya gangaro Kumasi yana saurayi, a nan ya koyi Hausa, irin wadda ba ta raba mace da namiji. "Matana ya dafa tuwo," haka yake cewa. Yana da wata rikoda da ya ɗaure murfinta da roba, da kaset uku na waɗannan Turawa. Bai fahimci rabin abin da suke faɗa ba, amma yana sanin inda mai jita zai shigo kafin ya shigo, sai ya ɗaga guduma ya jira shi. Tun ina yi masa tsiya har na wayi gari ni ma ina bin waƙar.

Ranar da rediyo ta ce sun rabu, Issaka bai ci waken rana ba. Na ce masa Turawa ne, sun ƙoshi, kowa ya kama gabansa. Ya girgiza kai. "Za su dawo, Sani. Mutanen da suka saba numfashi tare ba su iya waƙa su kaɗai." Duk shekara sai ya maimaita, mu kuma mu yi masa dariya.

Ga abin da ban taɓa faɗa a fili ba. Wata shekara kafintocin layinmu suka taru don zaɓen shugaba, aka ambaci sunan Issaka. Ni ma ina so, ban gaya wa kowa ba. Na miƙe a gaban jama'a na ce, mutumin da bai san bambancin "ya" da "ta" ba, shi zai yi magana da yawunmu? Aka fashe da dariya. Issaka bai yi dariya ba. Washegari ya kwashe kayan aikinsa da rikodarsa ya koma unguwar Ayigya Zango. Magana zarar bunu ce. Na sami shugabancin, na yi shekara biyu a kai, ban tuna wani abin kirki da na tsinana ba. Shekara shida muna haɗuwa a wurin suna da jana'iza, mu gaisa kamar baƙi. Kullum ina cewa sai bayan salla zan je. Hawan jini bai jira salla ba.

Makon jiya ina rumfa sai ga Ramatu, babbar 'yarsa, wadda take aikin jinya yanzu. Ta sauko daga trotro, motar haya, da kayan aikinta a jiki, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo mini wayarta.

"Baba Sani, mutanen Baba sun dawo. Na rasa wanda zan kai wa sai kai."

Na sa aka kashe injin yankan katako, muka zauna a kan benci muka saurara. Muryar babban mawaƙinsu ta dushe, ba ta hawa inda take hawa a da. Inda yakan yi tsalle da murya, yanzu lallaɓawa yake kamar dattijo a kan matakala, sauran kuma suna rage sauri don kada su bar shi a baya. Ban san ko masana za su yaba ba. Ni dai na ji mutanen da suka san laifin juna, suka kuma yarda su tsaya a ɗaki ɗaya.

Na yi ta tunanin abin da Issaka zai ce. Na san zai yi ƙorafin cewa waƙar da ba ka iya riƙewa a hannu, ka juya ta da biro idan ta sarƙe, ba taka ba ce. Zai yi mamakin kujerun ƙasashen waje da suka cika shaguna, masu sheƙi, waɗanda ba sa kai damina uku. Amma ba na jin zai ce mini "ai na gaya maka." Ba halinsa ba ne. Zai ƙara sauti ne kawai, ya matsa ya ba ni wuri.

Da waƙa ta huɗu ta ƙare, na ce wa Ramatu akwai abin da ya kamata ta sani game da ni da mahaifinta. Na faɗa mata duka, har kalmomin da na yi amfani da su. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"Mun sani, Baba," in ji ta. "Ba daga bakinsa ba, a gari muka ji. Shi idan ya sa kaset, akwai wurin da yakan ce, nan ne Sani yake so. Ya yafe tun da daɗewa. Kai ne ba ka zo ka karɓa ba."

Na raka ta bakin titi, na tsaya har motarta ta ɓace.

Idan aka tambaye ni me Issaka ya bari, zan iya nuna ƙofofin katakon odum da ya yi a gidajen Zango, waɗanda har yau ba su karkace ba. Zan iya nuna Ramatu da ƙannenta, da yadda suke durƙusa wa wanda ya ci mutuncin ubansu, domin bai taɓa zuba musu dafin a kunne ba. Wannan ya fi ƙofofin ƙarko. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, in ji manya, amma su a baki ɗaya suke kwana, mu kuwa ba mu da tabbacin gobe.

Allah Ya jiƙan Issaka, Ya haskaka kabarinsa. Kai kuma mai karatu, idan akwai wanda kake bin hanyar gidansa kana wucewa, yau ka tsaya ka yi sallama.