Niña Tancho da Jikokinta na Amurka

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Niña Tancho a unguwarmu ta Ilobasco, kuma kusan shekara arba'in ke nan ina jin faɗanta ta saman katangar. Cikakken sunanta Tránsito Alvarenga. Ni na riƙe ɗanta Neftalí ranar da aka yi masa baftisma, shi ya sa Comadre muke kiran juna ko da mun ɓata.

Cikin yumɓu ta tashi. Uwarta maginiyar tukwane ce, ita kuwa ta fi son ƙananan mutum-mutumi waɗanda ba su wuce tsawon yatsa ba, irin su mace na niƙa, manomi da adda, ango da amarya. Lokacin yaƙi aka ƙone ƙauyensu, ta gudo gari da jariri a hannu. Mijinta bai fito da rai ba. Da safe ta yi gini, da yamma ta hura wuta ta gasa pupusa, wato wainar masara mai wake da cuku a ciki, tana sayarwa a ƙofar gida, da haka ta raini Neftalí har ya zama mutum. Yana da shekara ashirin da biyu ya tafi Amurka, can ya auri Yesenia, suka haifi biyu. Duk watan Disamba sai Niña Tancho ta zaɓi mafi kyawun abin da ta gina, ta naɗe da auduga, ta ba matafiya su kai wa jikokinta.

Bayan shekara goma sha shida aka kama Neftalí saboda ba shi da takardu, aka dawo mana da shi a jirgi. Yesenia na aiki wuri biyu, ba mai duba mata yara, sai ta turo su wurin ubansu. Marleni shekararta goma sha biyu, Jeison takwas.

Ranar da suka iso na shiga taya ta aiki. Ta cika ƙullun masara da wake da cuku, ta gasa, ta jera musu da kwaɗon kabeji a gefe. Jeison ya kalli farantin, ya faɗi wani abu da Turanci.

"Me ya ce?"

"Cokali mai yatsu yake so, Mama," in ji Neftalí.

"Cokali? Hannunsa a filin jirgi ya bar shi?"

Marleni ko ɗaga kai daga wayarta ba ta yi ba. Ta ture farantin da bayan hannu. Na ga jijiyar wuyan Comadre ta miƙe, amma ta haɗiye, don ranar farko ce.

Kwana na uku abin ya fashe. Jeison ya shiga rumfar da take gini, ya ɗauki wata 'yar mata mai tulu a ka yana jujjuyawa, yana mamaki kamar bai taɓa ganin irinta ba. Niña Tancho ta kira ɗanta.

"Neftalí, irin wannan na aika masa bara. Me ya sa yake kallonta kamar baƙuwa?"

Ya sunkuyar da kai. Da ta matsa masa sai ya ce suna cikin kwali a saman kabad, ba a taɓa buɗe wa yaran ba.

"Kuma harshen fa? Yaro ɗan shekara takwas bai iya ce wa kakarsa ina kwana ba."

"Mama, ba ki san can ba. In aka ji Sifaniyanci a bakin yaro, kallon da ake masa daban ne. Ni na hana su yi a gida. So nake su zama 'yan ƙasa sosai."

"To kai da ka yi ta lanƙwasa harshe shekara goma sha shida, ɗan ƙasar ka zama? Da ankwa suka maido min da kai." Ta goge hannu a jikin zanen gabanta. "Me ka ce musu ina yi?"

"Na ce kina da kanti."

"Kanti. Da wannan laka na saya maka takalmin makaranta, ɗan banza, yau ita ce abin kunyarka. Fita min daga rumfa."

Tun daga ranar ta kafa doka a kicin ɗinta. Abin da ba ka iya faɗin sunansa ba, ba za ka ci ba, kuma wanda bai sa hannu a ƙullu ba kada ya sa a faranti. Na ce mata, "Comadre, yara ne, a bi su a hankali." Ta ce, "A hankalin ne ya kawo mu nan. Ki je ki ji da kajinki."

Jeison bai ja da nisa ba, don yaro ne mai ci. Cikin mako biyu ya san sunan masara da wake da gishiri da wuta da Sifaniyanci, ya koyi wanke dafaffiyar masara har ɓawon ya fita, ya koyi tafa ƙullu tsakanin tafukansa. Nasa kullum a karkace suke fitowa, cuku na tsiyaya a kasko. Sai kakarsa ta ce, "Wannan pupusa ce ko takalmin da mota ta taka?" Ya yi dariya ya cinye abinsa. Da yamma ta ba shi yumɓu ya gina karnuka masu ƙafa biyar.

Marleni ce ta ƙi. Tana jin Sifaniyanci, tana ɗan yi ma, amma ta kulle bakinta. Burodi da ruwa ta riƙa ci, ta rame. A makaranta yara suna kwaikwayon maganarta. Wata ranar Laraba ta dawo da jan ido, kakarta ta miƙa mata kwanon ƙullu, ta sa hannu ta kifar da shi a ƙasa. Ina tsaye wurin, na zo aron rariya.

"Ɗauke shi," in ji Niña Tancho.

"Ba zan ɗauka ba." Da Sifaniyancinta mai tuntuɓe ta faɗa, amma kowa ya gane. "Can sun ce in koma ƙasarmu. Nan sun ce ni Ba'amurkiya ce. Wa ya tambaye ni? Ke ma kullum faɗa, kullum faɗa, kamar ni na rufe kwalin nan. Ban ma san da shi ba."

Na ɗauka mari zai biyo baya. Niña Tancho ta daɗe tana kallonta, sannan ta kama hannunta ta ja ta zuwa rumfa, ta dire mata curin yumɓu mai girman kan mutum.

"Ashe kina da baki. To doki wannan. Ni ma shi nake duka, ba abincin mutane ba."

Yarinyar ta yi ta dukansa tana kuka har hannunta ya gaji. Washegari ta koma da kanta. Kwana shida tana zaune a kusurwa ta juya mana baya, kakarta na nuna mata yadda ake fitar da hanci da tsinke, da yadda ake jiƙa yatsa a shafe tsaga, ba sa wata magana ban da wannan. Da ta gama ta ajiye a tebur. Maza biyu ne da baƙaƙen kaya, sun riƙe wani mutum hannunsa a baya, a gefe ga yarinya da jakar makaranta.

Neftalí ya shigo da itace ya gani. Bai taɓa sanin Marleni tana leƙe ta taga safiyar da aka tafi da shi ba. Ya zauna a kan bokiti, ya rufe fuska.

"Mama, a fasa wannan. Ba abin da yaro zai riƙa kallo ba ne."

"Ka taɓa shi ka gani. Ta riga ta kalla, kai ne ba ka tambaye ta ba."

Ita da kanta ta gasa shi a tanderu tare da nata kayan, ta ba Marleni fenti da buroshi. Suna shafa fentin ne ta ba yaran labarin ƙauyensu na da, da sunan kakansu Casimiro, da yadda take jin ƙaurin hayaƙi a gashinta har wata guda bayan gudun. Ni da na san ta shekara da shekaru ban taɓa jin ta faɗi wannan ba. Ran nan Marleni ta ci pupusa huɗu, da hannu.

Wata goma sha huɗu suka yi. Yesenia ta samu aikin rana kawai, ta bugo waya ta ce a maido mata da 'ya'yanta, su da ma haifaffun can ne, ba mai hana su shiga. Niña Tancho ta karɓi wayar ta yi faɗa har makwabtan ƙarshen layi suka ji.

"Sai da na gyara su za ki karɓe? To ki ji, yarinyar nan ta iya girki. In kika bar ta ta manta, ko a kabari nake sai na taso."

Ba ta raka su filin jirgi ba, ta ce tana da kayan yumɓu a tanderu. Da motar ta tashi na leƙa ta katanga, na ga tanderun a kashe yake.

Yanzu duk Asabar yara biyar ko shida ne ke taruwa a tsakar gidanta, 'ya'yan waɗanda aka maido irin Neftalí. Ba wanda ya sa ta. Ita ta bi gida gida ta ce wa iyayen su turo su, wanda ya yi gardama ta wanke shi tas a ƙofar gidansa. Neftalí ne ke faskara mata itace yana ɗebo yumɓu. Har yau ba ta yafe masa ba, magana tsakaninsu ba ta wuce kawo da ajiye. Na ce mata ɗa ɗaya gare ta, ta sassauta. Ta ce za ta duba bayan Kirsimeti.