Garkuwar Jikina Ce Ta Juya Min Baya, Kuka Ce Kodin Nake Sha

Wata goma sha ɗaya ban ce uffan a shafin nan ba. Yau zan yi magana, kuma ba don in faranta wa kowa ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Sadiƙ, ɗalibin likitanci ne ni a nan Gombe, gidanmu yana unguwar Malam Inna.

Abin ya fara ne da fatar idona ta hagu. Da safe garau, da la'asar sai ta sauko ta rufe rabin idon. Na ce yawan karatu ne.

Sai harshe ya biyo baya. In na yi magana ta minti biyar, murya ta koma hanci, kalmomi su riƙa lauyewa. Nama ya gagare ni tauna. Wata rana ina shan ruwa ya fito min ta hanci.

Ranar da na tsaya gaban aji ina gabatar da aiki, bakina ya ƙi. Wani cikinku 'yan ajinmu ya ɗauke ni a bidiyo, ya tura gurup ɗin aji, ya rubuta: "Dakta ya sha ta yi masa karo." Kuka bi da dariya. Na karanta duka, har yau na san sunan kowa.

Abin da ya fi ƙona min rai, ku ne fa muka zauna aji ɗaya aka koya mana yadda garkuwar jiki take bambance nata da baƙo, da abin da ke faruwa idan ta rikice ta far wa mai ita. Kun haddace, kun ci jarrabawa. Cutar ta zauna kusa da ku wata biyar, ba wanda ya gane ta. Ni ma ban gane ba, amma ni ban yi wa kowa dariya ba.

Bidiyon ya kai hannun Baffa, ƙanin mahaifina, wanda yake riƙe da mu tun rasuwar mahaifin nawa. Ya sa aka gwada fitsarina, ba a ga komai ba. Ya ce, "Yaran yanzu sun san yadda suke ɓoyewa. Gidan mari za a kai shi."

Dada, mahaifiyata, ta ce, "Malam, ni na haife shi. Ɗana ba shi da lafiya ne."

Ya ce, "Haka kowace uwa take faɗa."

Ana cikin wannan tari ya kama ni. Mai kemis na bakin layinmu ya yi min wata allura. Washegari da hantsi numfashi ya fara gagarata. Ina son jan iska, ƙirji ya ƙi ɗagawa.

Chinedu, abokin karatuna daga unguwar Nasarawo, shi kaɗai ne bai daina zuwa gidanmu ba. Shi ya tarar da ni haka, ya tare keke Napep, suka kai ni asibiti shi da Dada.

Likitar da ta karɓe ni ba ta tambayi me na sha ba. Ta ce, "Yaushe ya fi tsanani, safe ko yamma?" Na rubuta mata a takarda: yamma. Ta sa aka kawo ƙanƙara, ta ɗora a idona minti biyu. Tana ɗagawa idon ya buɗe tar.

Ta dubi Dada ta ce, "Hajiya, ɗanki ba ɗan shaye-shaye ba ne. Jikinsa ne yake ƙera sojojin da ke toshe hanyar da jijiya take kai wa tsoka saƙo. Sunan cutar myasthenia gravis. Allurar da aka yi masa ce ta ƙara tsananta ta."

Dada ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka.

Kwana tara na yi a ɗakin kulawa ta musamman, huɗu da injin numfashi. Ana ba ni abinci ta roba a hanci. Ina jin komai, ba na iya cewa komai. Na ji tsoron mutuwa, amma na fi jin tsoron in mutu da sunan da kuka laƙaba min.

Aka tura jinina wani gari, sakamako ya tabbatar. Maganin da ake ɗura min ta jijiya don kwantar da sojojin nan, sai da Dada ta sayar da filinta. Hoton ƙirji ya nuna wata gaɓa mai suna thymus ta kumbura, wato makarantar da ƙwayoyin garkuwa ke koyon sanin na gida. Aka yi aiki aka cire ta.

Baffa ya zo sau ɗaya. Ya tsaya bakin gado ya ce, "Ashe da gaske ne." Shi ke nan.

Yanzu ina cin tuwo, ina hawa bene, ina shan ƙwayoyina a kan lokaci. Na rasa shekara guda ta karatu. Masu turo min "Allah ya ƙara sauƙi" a ɓoye, a fili kuka ci mutuncina. Kada wanda ya matsa min da maganar yafiya, ban kai nan ba tukuna.

Alhamdu lillahi da Ya bar ni da rai. Dada, Allah Ya saka miki da Aljanna. Chinedu, na gode, ɗan'uwa. Likitata da ma'aikatan jinyar da suka yi ta juya ni a gado, ba ni da abin biyanku.

In ka ga fatar idonka na sauka, ko muryarka na canzawa in ka gaji, ko kana ƙwarewa da ruwa, ka je asibiti, kada ka tsaya kemis. In an ce kana da cutar nan, kada ka karɓi kowace allura sai ka faɗa wa likita.

Ku kuma 'yan ajinmu, nan da shekara kaɗan za a kwantar da 'ya'yan mutane a gabanku. Ina roƙon Allah Ya gyara ku kafin ranar.