Hatimin 'Yar Guduma da Benen Kawu

Ana yaɗawa a cikin dangi wai ranar da aka haifi 'Yar Guduma sai da ta ƙwanƙwasa ƙafar gadon asibiti, ta tabbatar zai ɗauke ta, sannan ta yarda ta yi kukan farko. Wannan sharri ne. A gida aka haife ta, a kan tabarma. Kuma ba ta fara ƙwanƙwasa kayan mutane ba sai da ta shekara bakwai, ranar da ta ɗauki gudumar gidan ta bi bangon kicin tana kasa kunne, ta ce wa Inna cikinsa rami ne. Inna ta ba ta ranƙwashi. Da damina bangon ya zauna.

Ta yi karatun injiniyan gini har dangi suka manta kamanninta. Da ta gama aka ce alhamdu lillahi, ashe da saura. Ta yi shekaru tana bin wani tsohon injiniya da naɗin zanen gini a hammata, sannan wasu dattawa masu tabarau suka zaunar da ita suka yi ta juya ta da tambayoyi, kafin hukumar rajistar injiniyoyi ta ba ta lasisi da wani ɗan hatimi da bai fi murfin kwalba ba. Duk zanen da ta buga wa shi, ta rantse ke nan ginin zai tsaya. In ya faɗi, ita za a kira a karɓe lasisin, wahalar shekarun nan ta bi ruwa.

Kawu, yayan Inna, shi ya riƙe ta tun tana firamare. Yana da bene: shaguna a ƙasa, teloli goma sha biyu a sama. Sai ya so ƙara hawa ɗaya. Magininsa ya kawo zane, ofishin ba da izinin gini ya ce sai da hatimin injiniya mai rajista. Kawu ya yi dariya, ya ce ai a gida yake da shi.

Ya same ta a ofishinta, ɗan ɗakin da fankarsa ta fi ba da ƙara a kan iska.

"Ɗiyata, ɗan buga min abin nan naki. Direba na jira."

Ta rusuna ta gaishe shi, ta ba shi kujerarta, ta warware zanen.

"Kawu, wa ya duba tushen ginin?"

"Ni. Ina tsaye aka zuba shi, lokacin kina rarrafe."

"Sai na gani da idona, Kawu."

"Akwai masu bugawa ko kallon takardar ba sa yi."

"Akwai. Biyu aka karɓe wa lasisi bara."

Kawu ya naɗe zanensa ya fita ba sallama. Sati biyu in ta gaishe shi sai ya amsa wa bango. Inna ta kira, Gwaggo ta kira, kowa na cewa abin da ba ya cin minti ɗaya. Ita kuwa ta rame, don fushin Kawu ba abin da ta saba ba ne, ga tsoron kada ya je wurin masu ba da hayar hatimi a ɗora wa teloli dutse a ka.

Ranar Asabar da safe ta zo da hular kwano da leburori biyu, ba ta nemi izinin kowa ba, ta sa aka haƙa gindin ginshiƙin da ke gaban shagon mai katifa. Kawu ya iso yana huci. Ta ɗaga guduma ta fasa gefen ginshiƙin. Rodi huɗu ne a ciki, sirara kamar allurar telolin, tsatsa ta sha rabonta. Zanen magini ya ce shida masu kauri. Ta ɓanɓaro kankaren ta sa masa a tafi. Ya murza, ya zube kamar busasshen burodi.

Kawu ya ɗaga kai sama, inda kekunan ɗinki ke ta gudu.

"To yanzu ya za a yi?"

"A faɗaɗa tushe, a yi wa ginshiƙan riga da sabon rodi. Hawan sama kuma ƙarfe da kwano, ban da rufin kankare."

Ita ta sake zanen, sabon ta buga wa hatimi, ta kuma tsaya a kan aikin wata uku tana ƙirga rodi, har magini ya riƙa ɓuya in ya hango hularta. Yanzu duk baƙon da ya zo, Kawu kan nuna ta ya ce, "Injiniyata ce. Taurin kan na uwarta ne."

Ranar da aka buɗe sabon hawan, taubashinta, mai facin taya, ya tare ta a matakala ya zube har ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ni ma rumfa zan kafa a wurin facina. In kawo shaidu uku ne ki buga min hatimin, ko sai an haƙa ni tukuna?"

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai dai gode wa Allah masu faci ba su da lasisi. Tayar da ka yi min facinta ko kwanar gidanku ba ta kai ba."